Hannun Mai Gyaran Keken Ɗinki

Zance ya karaɗe unguwa wai tun da tsohon mai gyaran keken ɗinki ya fara koyar da matasa kyauta a cibiyar sana'a, rawar hannunsa ta daina. Surukar wata tsohuwar nas ce ta kawo labarin gida, har da ƙarin gishiri: zama wuri ɗaya ne ciwo, motsi ne magani.

Tsohuwar nas ta daɗe tana aiki a asibiti, ta san irin wannan rawa ba ta jin wa'azi. Amma zancen ya tsaya mata a rai. Nata hannun na dama ya fara rawa, kofin shayi ma sai ta tallafa da hagu. Saboda shi ta ƙi amsa kiran cibiyar na ta zo ta koya wa iyaye mata ɗaure rauni. Wa zai yarda da bandejin mai karkarwa?

Washegari ta sa aka ɗora mata tsohon keken ɗinkinta a tasi zuwa cibiyar, wai gyara ta kawo, don kada a ce gulma ta kai ta.

Ta tarar da mai gyaran zaune kan kujera gefen tebur, hannu biyu cushe ƙarƙashin cinya. Wata budurwa cikin masu koyo ta murza keken. Ya karkata kunne, ya ce allura na gogar ƙarfe, ta sassauta notin hagu kaɗan, ba irin sassautawar jiya ba. Ɗaki ya ɗauki dariya. Keken ya daina ƙara.

Tsohuwar nas ta ce, "Malam, an ce ka warke."

"Baiwar Allah, ke da kika yi asibiti ma kina bin an ce?"

Ya zaro hannun ya nuna mata. Yana rawa, har ya fi nata.

Budurwar ce ta warware mata. Da can, in ji ta, da sun yi kuskure sai Baba ya fizge sukurudireba, noti ya faɗi, a yi ta rarrafe ana nema, ba wanda ya koyi komai. Su suka kafa masa doka: ya zauna a kan hannunsa, ya yi aiki da baki.

Tsohuwar nas ta dubi kujerar da kyau. Ta tambayi ranar da iyaye mata ke zuwa, da ko akwai wata kujerar.

Hannun mai gyaran keke bai warke ba. Mutane ne suka daina ganin hannun.