Wushiryar Auta

"Kai ne ka toshe wa 'yata wushirya."

Haka tsohuwar ta faɗa, ko sallama babu, tana tsaye a ƙofar ɗakin likitan haƙori. Wani bawan Allah na kwance a doguwar kujera, baki hangame cike da auduga, ya juyo da ido kawai. Yarinyar da ke rubuta sunaye ta biyo ta tana cewa, "Mama, layi ake bi." Ko kallonta ba ta yi ba. Mota biyu ta hau kafin ta iso, ƙafafunta sun kumbura cikin silifas, ba ta da sauran ƙarfin layi.

Likitan ya sauke ƙyallen da ya rufe bakinsa. "Sannu Mama. Wace ce 'yar taki?"

"Auta. Mai karɓar baƙi a otal. Ran Litinin ka liƙa mata wasu fararen ɓawo a haƙoran gaba, guda shida, sai ka ce gutsattsarin kofin tangaran. Ta dawo min gida da bakin wata."

Ya sallami mai audugar, ya ba ta kujera, ya juyo mata da kwamfuta. Ga bakin Auta na da, ga na yanzu. "Ita ta nema, Mama. Ta ce wushiryar na ɓata mata hoto a wurin aiki. Ba yarinya ba ce, da hannunta ta sa hannu."

"Na sani. Na zage ta har muryata ta dishe. Yanzu ta kanka nake yi."

Shekara uku ke nan da mantuwa ta kama mijin tsohuwar, mahaifin Auta. Ya manta 'ya'yansa maza, ya manta hanyar banɗaki. Ita kanta da ta shekara arba'in da biyar tana wanke masa riga, yanzu "baiwar Allah" yake ce mata, yana tambayarta yaushe za ta koma gidansu. Auta kaɗai ta rage masa. Ba ma sunanta ya riƙe ba. In ta zauna a bakin gado ta yi murmushi, ya hango wushiryar nan irin ta mahaifiyarsa, sai ya buɗe baki ya karɓi cokali. Da safe kafin ta tafi aiki, da yamma in ta dawo. Da haka ake riƙe da ransa.

"Tun Litinin bai ci ba," in ji ta. "Ya kalle ta ya ce wannan ba tamu ba ce, ya juya wa bango. Magani ma tofarwa yake. Yau kwana huɗu, ruwa kawai. Jiya har jagira Auta ta ɗauka ta ja baƙin layi tsakanin haƙoran. Ya duba ya duba, ya ce, 'Yarinya, je ki wanke bakinki.'"

Yarinyar da ke ƙofa ta ƙunshe dariya. Tsohuwar ta juyo. "Yi abarki, 'yar nan. Ni ma na yi, kafin na yi kuka."

Ta koma kan likitan. "Ɓamɓare su."

"Ba a ɓamɓarewa haka, Mama. Sai da na kankare gaban haƙoran kafin su zauna. In na cire, ko ruwan sanyi ba za ta iya sha ba."

"Ka kankare? Haƙoran da ba su yi maka komai ba?"

Ya murza goshi. Ya ce akwai hanya ɗaya: a sake auna bakin, a aika inda ake ƙera su, a yi sababbi biyu na tsakiya da 'yar rata a tsakaninsu. Sati biyu, in an yi sauri.

"Sati biyu." Ta jingina da kujerar, ta lumshe ido. Barci ne ma ya so ɗaukarta a wurin, don rabonta da kwanciyar kirki har ta manta. "Ɗan nan, ka taɓa ganin tsoho ya yi sati biyu a kan ruwa?"

"Wallahi ba ta gaya min ba. Da na sani..."

"Ka tambaya? Ta karanta min takardarku. Kuna shan taba? Kuna da ciki? Kuna cizon haƙora cikin barci? Duk kun tambaya. Wanda ke jiran bakin a gida ne ba ku da wurin rubuta shi."

Likitan ya ce a kai mijin nata babban asibiti yau, a sa masa ruwa, shi kuma zai kira masu ƙerawar ya roƙe su su gaggauta. Ya ɗauki biro zai rubuta mata.

"Ajiye biron, ban iya karatu ba. Asibiti za mu kai shi, ba sai ka koya min ba." Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta tsaya ta tare ƙofar da jikinta. "Amma na gaji da yi masa bayanin abin da ba ni na yi ba. Ka tashi mu je. Ka tsaya a gaban gadonsa, ka gaya masa da bakinka inda ka kai masa 'yarsa."