Kifayen Baba Zakariya'u

"Wa ya cire wanga abu?" in ji Tasalla. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki da kwanon kunu a hannu, idonta a bango. An zare wayar ɗan injin da ke hura wa kifaye iska, an soka ta cajin salula a gurbinta.

"Ni na," in ji Wada daga kan tabarma, ko kai bai ɗago ba. "Kihin da ke cikin ruwa, mi za ya yi da wutar lantarki?"

Baba Zakariya'u yana kwance a gado. Kwana takwas ke nan da hawan jini ya kayar da shi, ya shanye masa gefen dama, ya tafi da maganarsa. Idanu kaɗai suka rage masa, su ma kullum suna kan akwatin gilashin da ke kan tebur. Yanzu babu kumfa ko ɗaya a cikinsa, kifayen nan 'yan rawaya sun taso sama suna buɗe baki.

Tasalla ta ajiye kunun, ta zare salular, ta mayar da injin. Ruwa ya soma ɓulɓulowa. Ta ji tsohon ya sauke numfashi.

Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninsu a unguwar Zariya. Tun rasuwar matarsa ita ke kawo masa abinci, don ba shi da ɗa ko jika. Wada ƙanensa ne, amma ba ta taɓa ganinsa ba sai shekaranjiya, da ya iso daga Tibiri da matarsa Baturiya da jakunkuna biyu.

Tsohon ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran famfunan ban ruwa a Jiratawa. Bayan ya ajiye aiki wani direba ya kawo masa kifaye shida a leda daga Kwatano. Ya ce dangin karfasa ne, amma na kallo. Unguwa ta yi ta dariya, wai ana kiwon abin da ba a ci. Bai kula ba. Shida suka zama arba'in. Tasalla tun tana dariya har ta koyi aikin: a rage sulusin ruwa kowace Juma'a, a ƙara wanda ya kwana a jarka, abinci kuwa ɗan tsunkule kawai.

Ana gobe zai faɗi ya nuna mata wata macen kifi da ya killace da raga a kusurwa, maƙogwaronta a kumbure.

"Dibi, ɗiyata. Ƙwai ne cikin bakinta. Sati ukku ba ta cin komi har su ƙyanƙyashe. In kika cire ragar ga, sauran za su cinye ɗiyan."

Washegarin rigimar salula Tasalla ta tarar da ruwan ya yi fari kamar ruwan tsari. Baturiya ta zuba musu ragowar tuwo.

"Na ga sun rame ne," in ji ta.

Tasalla ta ɗauko tiyo za ta rage ruwan. Wada ya tare ƙofa.

"Baiwar Allah, wai mi kike nema cikin gidan ga? Kihi, ko takardar hili?"

"Haba Malam Wada! Shi ya koya mini."

"To, mun gode. Masu shi sun zo. Ki tsaya gidanki."

Ta leƙa ta gefen kafaɗarsa. Tsohon yana kallonta, leɓensa na hagu yana rawa. Ta juya ta fita.

Kwana biyu ba ta shiga ba. Takan jingina da katanga tana sauraren ƙarar injin. Ran farko ta ji shi. Ran na biyu shiru.

Da hantsin rana ta uku ta ji Baturiya tana cewa a kama da kyau, wari ya hana su cin abinci. Tasalla ta fita ko gyale ba ta yafa ba, da kwanon da take wankewa a hannunta.

Ta same su sun cicciɓo akwatin zuwa tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin, labule a ɗage. Rabin kifayen sun riga sun juya ciki sama.

"Ku dakata, don Allah! Ku ba ni su!"

Wada ya dube ta, ya karkatar da akwatin. Ruwa ya malale a kan yashi, duwatsu suka zubo, kifaye suka watsu suna tsalle. Uwar nan da aka killace ta faɗo kusa da ƙafar Tasalla, ta wage baki, 'ya'yan suka fito, ƙanana kamar tsabar shinkafa, suna motsi a jiƙaƙƙen yashi.

Sai ga kaji sun kutso ta rariya. Kajin Tasalla ne, masu shigowa kullum neman dusa. Ta kore su da hannu ɗaya, ɗayan yana lalube a yashi, amma sun fi ta sauri. Uwar kaɗai ta samu. Ta jefa ta a kwano, ta kamfato ruwa a randa.

Da ta ɗago, idonta ya faɗa cikin ɗakin. Baba Zakariya'u ya ga komai. Hannunsa na hagu ya sauko daga gado, yatsun suna shafar ƙasa.

"Gilashin ga ya yi kyau da sa fanke," in ji Baturiya, tana ɗauraye shi.

Baba Zakariya'u bai kai azahar ba, ya cika. Wada ya fi kowa kuka, har sai da liman ya riƙe shi. Bayan la'asar aka kai tsohon makwancinsa.

Tasalla ba ta zauna cikin matan makoki ba. Ta koma gida, ta juye kifin a babbar roba, ta ajiye a inuwar ɗaki, ta kifa kwando a kai saboda kaji. Can ta dawo ta ɗaga kwandon. Uwar tana kewaya gindin robar a hankali. Ta tsinci ƙwayar yashi, ta riƙe a baki, ta furzar, ta matsa gaba ta tsinci wata.