Goron Suna a Babura Bakwai

Shekara uku Mutawakkil ya yi a jami'a a Dutsin-Ma yana bincike kan kwamfutoci masu aika wa juna saƙo da haske, yadda za su raba aiki su gama shi lokaci guda. Da matarsa Yasmin ta haifi ɗan fari, sai ya ce yau ilimi zai yi ranarsa.

Ya zana gidajen dangi ashirin da uku a takarda, daga Makera, Kuki, Karofi har Kurfi, kwamfuta ta fitar masa da hanyoyi mafi kusa. Ya tara 'yan acaɓa bakwai, ya danƙa musu ƙullin goron suna.

"Ƙarfe goma daidai kowa ya yi sallama a gidansa na farko!"

Inno, mahaifiyarsa, ta leƙo. "Da Baffanka Rabo dai za a fara ko?"

"Inno, wannan tsarin ba shi da farko."

"To, Allah ya kyauta."

Kafin azahar an gama rabo. Kafin la'asar goron Kurfi ya dawo, ko kwance shi ba a yi ba. Baffa Rabo, yayan mahaifinsa, wanda ke raɗa wa duk jariran gidan suna, ya ce ba zai zo ba.

Mutawakkil ya garzaya Kurfi, ya durƙusa.

"Wallahi Baffa, ƙarfe goma aka kawo maka."

"Atikun Karofi fa, da aka yi wa kaciya a gabana?"

"Shi ma... goma."

"Au! Ni da Atiku mun zama tagwaye?"

"Baffa, shi haske ba ya bin layi..."

"Ita ranar ma daga gabas take farawa. Tashi ka sake."

Washegari Baffa ya karɓi goronsa da sassafe. Mutawakkil ya hau babur shi kaɗai yana bin dangi bisa shekaru: Kurfi, Kuki, ya koma Kurfi, Makera, ya sake komawa Kurfi. Kwana uku ya yi a hanya. Inno kuwa ta riga ta buga wa kowa waya, cewa kada wanda ya nuna ya ji.

Atiku ya tare shi, goron farko na kumatunsa. "Kai! Haihuwa? Yaushe?"

Ranar suna Baffa Rabo ya raɗa wa yaro suna, ya gyara zama, ya dubi jama'a.

"Ni aka fara faɗa wa."