Ƙwaryar da Ba a Kifa Ba

Shekara ashirin da biyu Zadok yana zagayawa da baƙi a wani ɗan gidan adana kayan tarihi a Jimeta, har korona ta zo aka garƙame ƙofa. Shugaban gidan ya ce tunda mutane ba za su zo ba, a kai musu kayan ta waya. Wayar kuwa Naziha aka miƙa wa, wadda ko shekara biyu ba ta yi da kama aiki ba.

Kullum sai ta tambaye shi tarihin abu, ya zayyana mata, ta tsaya gaban kamara ta maimaita. Kafin wata guda har masu keke a unguwar Bekaji sun san fuskarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kishi ya cika Zadok har wuya. In tana karanta masa yabon masu kallo, sai ya kama goge gilashin da ya riga ya goge.

Ran da aka zo kan wata ƙwarya mai zanen wuta, ya ce bai san mai ita ba. Ƙarya yake. Shi da kansa ya karɓo ta a sansanin 'yan gudun hijira na Damare daga hannun Rebeka, tsohuwar da ta gudo daga Madagali lokacin tashin hankali, 'yarta ta ɓace mata a hanya. Ya kuma san a gidan su Rebeka kowace mace da alamarta a ƙasan ƙwarya, sai an kifa ake gani. Ya ja bakinsa ya tsuke. Naziha ta ɗauke ta a kamara yadda take a zaune, ta ce wa duniya tsohon kaya ne, ba a san wadda ta zana ba. A ransa ya ce ko ba komai wannan labarin dai ya rage nasa.

Bayan an buɗe gidan, wata mata ta zo takanas daga Gombe, ta roƙa a kifa mata ƙwaryar. Zadok ya kifa. Tana ganin sawun kaza uku a jere ta zauna daɓas a ƙasa.

"Tun watan biyar na gan ta a waya," in ji ta. "Zuciyata ta ce hannun mamana ne, amma da aka ce tsohon kaya ne sai na haƙura. Baba, tana ina?"

Zadok ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar Rebeka a watan takwas.