Kwana Huɗun da Ba Su Cika Ba

Ɗakin asibitin mai gado ɗaya ne, taga ɗaya, ita ma da ƙarafuna. Kwana biyar ke nan matar tana cikinsa da ɗanta mai shekara uku, ana jiran sakamakon gwajin kyanda. Jaririyarta tana gida wurin ƙanwarta. Nono ya cika mata ƙirji har gaban rigarta ya jiƙe.

Da hantsi mai gwajin jini ya leƙo, takarda a hannu, ƙyalle a hanci.

"Maman yaro, albishirinki. Jini bai nuna kyanda ba. Likita na sa hannu, sai gida."

Surukarta, da ke kan benci a bakin ƙofa, ta tafa hannu. "Ban faɗa ba? Zafi ne kawai. An tsiyaye wa mijina jini a banza."

"Haba Iya, ko cokali bai kai ba," ya ce yana dariya. "Da sababbin ƙuraje ne, da na ce a sake, don kwana ukun farko jini kan ɓoye ciwon. Amma ga shi an rubuta kwanansu huɗu da fitowa."

Ranar da aka ɗebi jinin, surukar ce ta amsa tambayar kwanakin ƙurajen, ta ƙirga daga farawar zazzaɓi. Ƙurajen kuwa da safiyar ranar ne matar ta fara ganinsu a bayan kunnen yaron, tana yi masa wanka. Ta ji an ce huɗu, ta sunkuyar da kai. Wa zai gyara wa uwar miji magana a gaban mutane?

Ta dubi ƙofar, ga ta a buɗe. Ta dubi yaron, ido jajur, yana tari. Jaririyar 'yar wata biyu ce, ba ta kai riga-kafi ba, kuma katifa ɗaya suke kwana da yaron.

"Malam," ta ce, muryarta can ciki. "Ba huɗu ba ne. A ranar suka fito."

"Au," in ji surukar, "ƙarya na yi ke nan?"

"A'a, Iya. Zazzaɓin kika ƙirga. Ni ce ban buɗe baki ba."

Mai gwajin ya ninke takardar ya sa aljihu. "Gara da kika faɗa. Sai ki ƙara haƙuri, bari in ɗauko allura."

Surukar ta gyara mayafi. "Zan je in karɓi 'yar, ƙanwar taki ta huta."

Nas ta jawo ƙofar. Matar ta naɗe wa yaron hannun riga, ta zauna jira.