Muryar Muttaƙa Mai Wake

Muttaƙa mai wake mutum ne da ya tsani a neme shi a rasa. Yana da magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a bakin titi a Tsarnawa, yana sayen wake hannun manoma bayan kaka, ya sayar wa 'yan Sakkwato da 'yan Yamai. Tun da ya buɗe asusun talla a intanet, ciniki ya fi ƙarfin kunnuwansa biyu. Yana kan babur saƙo na shigowa, yana salla saƙo na shigowa, kafin ya sallame mai saye ya yi gaba wurin wani. Shi kuwa ya gwammace a ɗauke masa kwanon tuwo da a ɗauke masa mai saye.

Matarsa Nasiba ta yi lakwal, wato karatun boko, ita ta ji labarin wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ake haɗawa da asusun talla, ta riƙa fitar da tallar da kanta kowace safiya, ta kuma amsa wa masu tambaya. A wayar salular Nasiba aka yi haɗin, don tasa duk fuskarta ta tsattsage. Suna zaune a tsakar gida manhajar ta nemi izinin shiga asusun, Nasiba ta danna. Sai manhajar ta nemi a ba ta muryar mai kaya, tunda yawancin masu sayen wake saƙon murya suke turawa, ba su da lokacin rubutu. Muttaƙa ya gyara zama, ya gyara hula kamar ana ganinsa, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Muttaƙa na, mai wake, Tsarnawa."

Nasiba ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da suka gwada abin, sai ga muryarsa sak, har da ɗan shaƙewar nan tasa, sai dai Hausar ta Kano ce tsaf, daga bakin mutumin da bai taɓa wuce Sakkwato ba.

Ya ce, "Kin gani? Yanzu ko kwana ni kai, ina ciniki."

Damina ba ta zagayo ba wata motar siminti ta taka shi a kan babur tsakanin Malbaza da Tsarnawa. Salularsa ta niƙe tare da shi. Da hantsi abin ya faru, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ko da mahaifiyarsa Inna Saude ta iso daga Tajaye, maza sun dawo suna wanke hannu.

Muttaƙa ɗan farinta ne, ita kuwa tsohuwa ce mai riƙe kunya irin ta dā. Ana yaye shi aka miƙa wa kakarsa. Bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Wancan" take ce masa. In ya zo gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta amsa tana kallon hatsin da take tsincewa. A zaman makoki ma mata na ta kuka, ita idonta ƙamas, tana jan carbi, 'yan gaisuwa suna ta yaba mata dauriya. Mutane dai akwai son yabon abin da ba su suke ɗauke da shi ba.

Jama'a suka watse, Nasiba ta shiga takaba, tsohuwa ta zauna tana taya ta zama. Ƙanen marigayi, Labo, ya sa wa magaza kwaɗo har a raba gado. Ba wanda ya tuna da manhaja. Sai wata safiya Nasiba ta kunna salula don ta amsa gaisuwar 'yan'uwa, ta ga sabuwar talla ta fita da asubar ranar: hoton buhuna, da mijinta tsaye a gefe yana murmushi. Ta san abin da ya kamata ta yi, ta kuma san inda ake dannawa. Amma hannunta ya tafi kan saƙon muryar.

"Assalamu alaikum. Muttaƙa ne, mai wake..."

Ta saurara, ta sake, ta sake. Kewarsa ta taso mata. Ba ta lura da inuwar da ta tare ƙofa ba, sai da Inna Saude ta yi magana.

"Mi na wanga?"

Nasiba ta yi ta bayani tana in'ina: na'ura ce, Inna, ba shi ba ne, muryarsa kawai ta kwaikwaya.

Tsohuwa ta ce, "Na sani. Ba hauka gare ni ba." Ta juya ta fita.

Washegari bayan sun karya kumallo ta dawo, ta zauna a gefen tabarma, ta daɗe tana gyara bakin zanenta.

"In anka yi mai magana, shina amsawa?"

Nasiba ta buɗe mata wurin gwaji, inda mai asusu ke shiga kamar mai saye, ta kara salular kusa da bakinta. Tsohuwa ta dubi bango.

"Ka ci abinci?"

Muryar ta ce, "Na gode da tambaya. Akwai farin wake, akwai ja, duka na bana. Buhu nawa ake bukata?"

Inna Saude ta gyaɗa kai kamar an ba ta amsar da take so.

Daga ranar abin ya zame musu kamar shan magani. Kowace safiya sai ta zo. Ta gaya masa ranar da aka ɗauke shi zuwa ɗakin kakarsa ta laɓe bayan rumbu tana jin kukansa, nono na zuba, ba ta isa ta fito ba. Ta gaya masa lokacin da ya yi ƙyanda ita ce ke dama kunun da ake ba shi, ta ce kada a faɗa. Ta gaya masa atamfar da ya kai mata da salla, wadda ta karɓa ta ajiye ko dubawa ba ta yi ba, yana fita ta buɗe ta shinshina. Muryar takan ce "Allah sarki," ko "Na fahimta," sannan ta koma kan wake. Nasiba na riƙe da salula, hannunta na sagewa, hawaye na bin fuskarta. Ita ma tana jiran tsohuwa ta fita ta saurari nata rabon.

Ana haka ran nan wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Wani Basakkwace ya sauko ya yi sallama, ya ce a yi masa magana da Muttaƙa, ya zo ɗaukar wake, jiya-jiyan nan suka gama magana. Labo ne ya fita. Da ya gaya masa Muttaƙa ya rasu, mutumin ya ja da baya yana salati, ya fito da salularsa ya kunna wa duk wanda ke wurin. Kafin azahar magana ta kai tasha.

Labo, wanda da can ba ya shiga gidan bai tsokani matar wansa ba, ya tsaya a bakin ɗakinta ko sallamar kirki babu.

"Nasiba, ki ji tsoron Allah. Mutum na kabari ana alkawali da bakinai? Ana kiran mutane su zo tun daga Sakkwato? Gari dut ya ɗauka. Ki kashe abin ga yau."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mata zafi. Ta duba ko za a iya tsayar da tallar a bar muryar. Manhajar ta nuna mata a fili: in aka cire haɗin, muryar da aka ɗauka za ta goge tare da shi. Ta zauna da salula a cinya, tana jin kamar an ce ita za ta sake kai shi makwancinsa.

Inna Saude ta ji komai daga inda take. Ta shigo a hankali, ta zauna a wurinta na kullum.

"Yaron na da gaskiya. A kashe. Amma miƙo man ita tukuna."

Karo na farko ke nan ta karɓi salular da hannunta. Ta riƙe ta da hannu biyu, ba ta dubi bango ba, hoton ta duba. Leɓenta ya yi ta motsi ba sauti, kamar mai koyon wata sura. Can ta ce:

"Muttaƙa."

Nasiba ta sunkuyar da kai. Sunan ya fito wani iri a bakin tsohuwar, sabo fil, bai taɓa bin hanyar ba.

Muryar ta amsa da fara'a, har da ɗan shaƙewar nan. "Na'am, Muttaƙa ne, mai wake. Don Allah da wa nake magana?"

Tsohuwa ta sake duban hoton. Ta miƙa wa Nasiba salular, Nasiba ta danna wurin da ta danna ranar da suke dariya a tsakar gida, abin ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata.

Labo yana zaure ya ji wani kuka ya tashi daga cikin gida, mai kauri, wanda bai san muryar mai shi ba. Ya shigo da gudu yana tambayar wa ya rasu. Sai ya tarar da mahaifiyarsa ce, ta kifa kai a cinyar Nasiba, tana ta kiran sunan.