Ƙuri'ar Kinasih

Kai da kake karanta wannan, ka san Bu Sarminah. Kullum da safe kana tsayawa gaban teburinta a bakin kasuwar Sendangwiru, ta naɗe maka awara a ganyen ayaba, ka karɓa idonka a kan awarar. Bayan kanta akwai hoton yarinya manne a ginshiƙi, rana ta cinye shi har ya kusa komawa farar takarda. Shekara goma sha ɗaya kana kallon hannun matar nan don kada ka kalli abin da ke bayanta. Kada ka ce mini ba ka sani ba. Sunan yarinyar Kinasih, kuma ka taɓa kiransa da bakinka.

Tana da shekara shida aka aike ta sayo ashana gab da magariba, ba ta dawo ba. Wata mai wanki a bakin rafi ta ce ta ga baƙon mutum a kan babur yana yi mata magana. Ba wanda ya saurari mai wanki. Yaro ya ɓata da magariba, ai kowa a garinmu ya san aikin Wewe ne, aljanar nan ta kurmin gora mai ɗauke yara. Maganinta kuma sananne ne. A fito da tukwane da faifai a yi ta kaɗawa ana kiran sunan yaron, don Wewe ba ta iya jin kiɗa ta zauna, in ta miƙe rawa sai ta saki abin da ta riƙe. Kwana uku muka yi muna zagaya kurmin. Ina da shekara sha biyu lokacin, murfin tukunyar miyarmu aka ba ni. Sai a rana ta huɗu aka tuna da 'yan sanda, aka buɗe fayil, aka jefa shi a durowa.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk shekara, ranar da ta ɓata, samari su fito su zagaya kurmi. A hankali suka gyara kiɗan, suka ɗinka anko, suka shiga gasar gunduma suka zo na biyu. Mahaifin Kinasih ya rasu shekara uku da suka wuce, su ne ma suka ɗauki makararsa.

A takarda kuwa Kinasih ba ta je ko'ina ba. Sunanta yana kan katin iyali, kuma ba a cire suna sai da takardar mutuwa ko ta ƙaura. Bu Sarminah ba za ta ce 'yarta ta mutu ba, ba ta kuma san inda ta ƙaura ba. Sai yarinyar ta ci gaba da girma a ofis. An aiko mata kiran allurar rigakafi sau biyu. Bana ta cika sha bakwai, shekarun fara zaɓe a ƙasarmu, sai ga takardar gayyata zuwa zaɓen dagaci. Aka yi zaɓe a watan jiya, Pak Darmaji ya koma kujerarsa da tazarar ƙuri'a huɗu.

Makon jiya na ji a rediyo cewa likitoci sun zo daga babban birnin lardi. Suna ɗibar jinin iyayen yaran da suka daɗe da ɓata, su gwada da na yaran da aka tsinta a gidajen marayu da kuma gawarwakin da ba a san masu su ba. Za su tafi ranar Juma'a da azahar, ba a san ranar dawowarsu ba. Abu ɗaya suke nema, takardar 'yan sanda mai nuna fayil ɗin yana buɗe. Jinin Bu Sarminah kaɗai ya rage a duniya da za a iya gwada Kinasih da shi. Ranar Litinin na goya Bu Sarminah a babur muka tafi ofishin 'yan sanda na gunduma.

Jami'in da ke kan tebur, Pak Kasmuri, yana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Ya buga sunan a kwamfuta, ya goge hannu, ya miƙe tsaye.

"Barka da arziki, Bu. An ga 'yarki."

Bu Sarminah ta dafa tebur da hannu biyu. "Ina take?"

"Wannan kuma ba a rubuta ba."

Ya juyo mana da fuskar kwamfutar. Tsarin shi ne, duk wanda aka ce ya ɓata, in lambarsa ta fito a wata rajista daga baya, an gan shi ke nan. Kinasih ta halarci rumfar zaɓe ta uku a Sendangwiru, ga sa hannunta. An rufe fayil tun kwana ashirin. Na ce masa yarinyar ba ta gama koyon rubuta sunanta ba aka ɗauke ta. Ya ce ai shekara goma sha ɗaya sun isa mutum ya koya.

"Malama mai digiri," in ji shi, "a jami'ar taku an koya miki ɓataccen mutum yana zaɓe? Shekara ashirin da shida ina aikin nan, wannan ne fayil ɗin yaro na farko da muka rufe da alheri. Kin ga takardar yabo can a bango."

Tana can kuwa, cikin gilashi. Ya ƙara da cewa yanzu Kinasih baliga ce a wurin hukuma, ko da sun san inda take ba za su faɗa ba sai da izininta. In ana so a sake buɗe fayil, sai ta zo da kanta, da katin shaidarta, ta bayyana cewa ba a gan ta ba.

A hanya ina ta masifa ni kaɗai. Da muka zo daidai makarantar firamare, Bu Sarminah ta taɓa kafaɗata ta ce in tsaya. Malamin aji huɗu, Pak Jumadi, shi ya riƙe rajista a rumfa ta uku. Ta same shi yana share allo, ta tambaye shi ko da gaske Kinasih ta zo. Ya ce ta zo. Ta tambayi tsawonta. Ya ɗaga hannu daidai kunnensa. Ta tambaya ko ta rame. Ya ce a'a, lafiya ƙalau, ta yi kama da ke. Ni na san ƙarya yake. Ita ma, in da ranar wata ce, da ta sani. Amma ranar ta fita daga ajin nan tana tafiya kamar mai ɗauke da ruwa cike da kwano.

Kafin la'asar labari ya cika gari. Ranar Talata Pak Darmaji ya shirya walimar godiya a zauren dagaci. Aka tula shinkafa mai kurkur kamar tsauni, aka yanka kaji. Samarin kiɗa suka zo da ankonsu, shugabansu ya yi jawabi ya ce an sha yi musu dariya, ga shi nan haƙuri ya biya, Wewe ta ɗauki lokaci amma ta saki. Mata suka bi layi suna yi wa Bu Sarminah barka. Ba wanda ya tambayi dalilin da wadda ake wa walima ba ta wurin. Wata tsohuwa ta ce 'yan matan yanzu haka suke, su zo gari su yi abin da ya kawo su, ko gida ba sa leƙawa. Aka yanko ƙololuwar shinkafar aka sa a faranti aka ajiye wa Kinasih.

Bu Sarminah ba ta ci ba. Daga zauren ta wuce wurin tela da yadin da ta daɗe tana ɓoyewa. Laraba da safe ta koma makaranta da riga koriya, ta ware ta a gaban Pak Jumadi, yara suna kallo.

"Pak Malam, kai ka gan ta. Duba mini ko za ta yi mata. In ta yi tsawo a rage."

Ya kalli rigar. Ya ce wa yara su fita wasa. Sannan ya zauna a kan bencin 'yan aji huɗu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya faɗa mata. Mutum goma sha ɗaya ya sa wa hannu ranar, ya huda musu takardun ƙuri'a da ƙusa da kansa, yadda ake zaɓe a garinmu. Takwas suna aiki a Malesiya, biyu sun mutu, sai Kinasih. An ce masa sunaye ne kawai, ba mai zuwa nemansu.

Ta ninke rigar a hankali, ninki huɗu. Ta ce masa ya tashi daga benci kada yara su gan shi a haka.

Muka tafi wurin Pak Darmaji neman takarda guda, layi ɗaya, cewa Kinasih ba ta yi zaɓe ba. Ya ba mu shayi. Ya ce shi da Bu Sarminah tare suka yi karatu a masallaci suna yara, ba abin da ba zai yi mata ba.

"Amma ki duba, Yu Sar, 'yar'uwata. In na rubuta ba ta yi zaɓe ba, za a buɗe rajista. In aka buɗe rajista, ni ba dagaci ba ne. In ni ba dagaci ba ne, hatimina ya zama guntun roba, takardar da na ba ki ta zama ta naɗe awara. Kin ga ke nake tausayi."

Ya ce mu tafi da sauran shinkafar walima. Na faɗa masa maganar da ba zan rubuta a nan ba. Ya yi murmushi ya ce ilimi yana da zafi a shekarar farko.

Muka koma gunduma a ranar. A gaskiya Pak Kasmuri ya so ya taimaka, a irin tasa hanyar. Ya ciro sabon fom ya ce abu mai sauƙi ne, ta sa hannu cewa 'yarta ta dawo ranar zaɓe ta sake ɓata, cikin minti goma ya buɗe mata sabon fayil ta kai wa likitoci. Ya miƙa mata biro. Ni har na fara murna. Ta riƙe biron tana kallon fom ɗin, ta tambaye shi daga yaushe likitocin za su fara dubawa in ta sa hannu. Ya ce daga ranar da aka yi mata ganin ƙarshe mana, watan jiya. Yaran da aka tsinta kafin nan ba ruwansu da wannan fayil.

"To shekara goma sha ɗayan fa, Pak, a ina za a sa su?"

Ya ce fom ɗin ba shi da gurbinsu.

Ta ajiye biron. "Ba ta dawo ba. Ba zan rubuta ta dawo ba."

Ya yi tsaki, ya ce mutanen ƙauye ba a iya musu. Ya ɗan jima yana kallonta, sannan ya jawo wani littafi mai ƙura daga ƙarƙashin tebur, ya lasa yatsa ya yi ta buɗawa. Akwai hanya ta uku. In mutum ashirin da suka yi zaɓe a rumfa ɗaya suka sa hannu cewa ba su ga wane a wurin ba, ana soke halartarsa, tsohon fayil ya buɗe da kansa. Ba a ƙirga dangi. Ya ce tunda aka buga littafin ba wanda ya taɓa kawo masa irin wannan takarda, in muka kawo sai ya cire ta bango ya maƙala tamu.

Mutum ɗari uku da sittin suka bi layi a rumfa ta uku. Jiya da yamma da yau da safe mun bi gida gida. Na sa hannu. Mai wankin nan ta dangwala yatsa tun kafin in gama bayani. Pak Jumadi ya sa hannu, ya san abin da zai biyo baya amma ya sa. Sai wasu uku. Shida ke nan.

Ga abin da sauran suka ce. Wani ya ce ya ga wata yarinya ta baya, ba zai iya rantsuwa ba ita ba ce. Wani ya ce ya riga ya ci shinkafar walima, ba daɗi ya dawo ya ƙaryata ta. Shugaban samari ya ce in ya sa hannu ya zubar da wahalar yaransa ta shekara goma sha ɗaya. Wata ta ce ƙanenta yana neman aiki a ofishin dagaci. Mutum biyu sun ce ba sa gida, da bakinsu, ta bayan ƙofa.

Yau Alhamis. Saura mutum goma sha huɗu. Ba na yi maka alkawarin za a ga Kinasih. Wataƙila a ɗebi jinin a gwada a ce ba a dace ba. Wataƙila a dace, amsar ta zama wadda ba mu so. Amma akwai yara a gidajen marayu da suka girma da sunan da ba nasu ba, kuma ba za a taɓa sanin ko tana cikinsu ba muddin takarda ta ce tana nan tare da mu tana zaɓen dagaci.

Ba a ce ka zagi Pak Darmaji ba. Ba a ce ka je gunduma ba. Takardar tana gidan Bu Sarminah, gida na uku bayan gadar rafi, a kan tabarma a baranda, biro yana ɗaure da zare a jikinta. Ƙarfe bakwai na safiyar gobe za mu tashi da ita, ko ta cika ko ba ta cika ba. Ka yi zaɓe a rumfa ta uku. Ɗauki katin shaidarka, ka sa takalmi, ka zo yanzu ka rubuta sunanka.